Zanen dabbobin mutane a kakar Sallah da Kirsimeti: aiki nawa zan karɓa, kuma yaya zai yi kama?

Wani matashi daga Samaru ta Zariya, wanda bai daɗe da gama karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ba, ya aiko da tambaya. Ya zana dokin maƙwabcinsu ya ɗora a WhatsApp, sai ga kira ta ko'ina. Wannan yana son a zana masa dokin da zai hau da Sallah, waccan tana son kyanwarta, wani kuma daga Sabon Gari yana tambaya ko zai samu zanen karensu kafin Kirsimeti don ya yi wa matarsa kyauta. Yana so ya san aiki nawa ya kamata ya karɓa, da wane irin fenti, nawa zai yanka, kuma me zai yi idan mai aiki ya duba ya ce bai yi kama ba.

Ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan ƙofa da ta buɗe. Amsata ita ce ka karɓi kaɗan, kuma kada ka karɓi aikin dabbar da ba za ka je ka gani da idonka ba, sai da dalili mai ƙarfi. Duk sauran abin da zan faɗa maka daga nan ya taso.

Mutumin da ya kawo maka aiki ba zanen doki yake nema ba, zanen dokinsa yake nema. Shi ne ke leƙa barga da asuba, shi ya san inda gashin goshin ya murɗe, ya san farin ƙafar hagu ya fi na dama hawa sama, ya san ɗan tabon farin gashi a gadon baya inda sirdi ya taɓa yi masa rauni. Kai za ka iya zana doki mai kyan gaske, abokanka su yi ta yabo, shi kuwa ya tsaya ya yi shiru, can ya ce, "Ya yi kyau, amma ba shi ba ne." Waɗannan alamomi ba sa fitowa a hoto ɗaya da aka turo maka ta waya, wanda galibi an ɗauka da rana tsaka ko a duhun barga.

Don haka ka je. Ka zaɓi hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa daga gefe yana fito da tudu da kwarin jiki. Ka gaisa da mai kula da dokin da mutunci, don shi zai fito maka da shi daga turke, shi ne kuma zai gaya maka halinsa. Kada ka bi ta bayan doki. In za ka yaba, ka haɗa da tubarkalla, domin masu dawaki da yawa ba sa son yabo gaya, suna gudun kambun baka, kuma kada ka ɗora hoton dabbar kowa a intanet sai ya yarda. Wajen ɗaukar hoto ka ja da baya sosai ka jawo da wayar, kana riƙe da ita daidai ƙirjin dokin. Idan ka matsa kusa, kyamarar waya tana kumbura hanci ta ƙanƙance gindi, in ka kwafi haka dokin zai fito da kai kamar na wani daban. Ka ɗauki gefe biyu, da gaba, da kowace ƙafa ita kaɗai, da ido kurkusa. Sannan ka ajiye wayar ka fito da fensir ka yi minti ashirin kana kallo kana zane. A nan za ka ga yadda yake karkata kunne in ya ji muryar maigidansa, wanda shi ne abin da mai shi zai gane kafin komai.

Batun launi shi ne inda hoto ya fi yaudara. Masu dawaki za su ce maka wannan kili ne, wancan akawal, wancan bidi, wancan danda, kuma ya kamata ka koyi sunayen don ku fahimci juna. Amma a gaban kanbas, kili ba farin fenti ba ne. Yawancinsu fatar da ke ƙarƙashin gashin baƙa ce, shi ya sa bakin da kewayen ido suke da duhu, kuma idan yana tsaye a jar ƙasarmu ta Zariya, cikinsa da ƙasan wuyansa suna ɗaukar ja-ja daga ƙasa, gadon bayan kuma yana ɗaukar shuɗi-shuɗi daga sama. Farin tsantsa ka adana shi don wurare biyu ko uku da rana ta fi bugawa. Akawal kuma kada ka matso baƙi daga cikin kwalba ka shafa, zai mutu a hannunka ya zama inuwa kawai. Haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu, ka rinjayar da shuɗin inda gashi ke sheƙi, ka rinjayar da ruwan ƙasan a bakin geza da wutsiya inda rana ta ƙona gashin. Ka tafi da 'yar takarda ka ɗiga launukan a wurin, kana gwadawa da jikin dabbar.

Ƙafafu su ne ke tona asirin mai zane. Abin da muke kira gwiwar gaba ta doki, a tsarin ƙashi, daidai yake da wuyan hannun mutum, gaɓar nan ta baya mai lanƙwasa kuma daidai take da idon sawu da diddige. Wanda bai san wannan ba yakan lanƙwasa ƙafar inda ba gaɓa. Tsangayar likitancin dabbobi tana nan kusa da kai a Samaru, ka nemi aboki a can ya nuna maka ƙwarangwal ka zauna ka zana. In kuma an ce maka ana son dokin a guje, kamar a jafi, ka tuna abin da hotunan mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge suka tabbatar a Amurka a 1878: a sukuwa akwai lokacin da ƙafafu huɗu duk suke barin ƙasa, amma a lokacin a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda tsofaffin masu zane suka daɗe suna yi. Ɗauki bidiyo ka tsayar da shi daki-daki za ka gani.

Kafin ka taɓa buroshi ku yanke magana ɗaya: dokin tsura ake so, ko da kayan hawa, ko da mahayi a kai? Waɗannan ayyuka uku ne, kuɗinsu ma uku ne. Jalala da linzami da likkafa da layun wuya suna cin lokaci fiye da dokin kansa, alkyabba da rawani kuma wani aikin ne daban. A nan ka yi hattara sosai. Kada ka ƙara wa mutum adon da ba nasa ba don zanen ya yi armashi. Rawani mai kunne biyu yana da masu shi, laima ta Sarki ce, kuma kowace tawaga tana da irin shigarta. A garin da ake Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, yaro ma zai gane in ka yi kuskure, kuma kunyar mai zanen ba ta kai ta wanda ya rataye shi a zaurensa ba. Matsalar ita ce kayan ba sa hawa jikin dokin sai ranar hawan. Ko dai ka yi aiki da hotunan bara, ka roƙi a shimfiɗa maka kayan ka gansu, ko kuma ka bi hanyar da na fi so: ka ɗauki hotunanka a hawan Ƙaramar Sallah, ka miƙa aikin kafin Babba. Tsakaninsu wata biyu da kwana goma ne, kusan kwana 70, kuma babban aiki yana bukatar irin wannan sarari.

Kyanwa daban take. Sau da yawa a cikin gida take, wurin mata, inda kai namiji ba za ka shiga ba, to wannan yana cikin dalilan da na ce masu ƙarfi. Ka tura ƙanwarka da wayarka, ko ka roƙi uwargida ta ɗauki bidiyo a inuwar tsakar gida, a durƙushe daidai tsayin kyanwar, ba tare da fitilar waya ba. Ka ce a turo hotunan a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto in an tura shi yadda aka saba, gashi ya dame ya zama kunu. Ƙwayar idon kyanwa a tsaye take, tana tsukewa a haske tana buɗewa a duhu, ta doki da ta rago kuwa a kwance take. Ka tambayi mai ita wane kallo ta fi sani, na zaune a rana ido a tsuke ko na dare ido a buɗe. Gashin baki shi ne ƙarshen abin da za ka sa, da siririn buroshi, ja ɗaya ba komawa, kuma kada ka ƙirga su duka.

Aikin kare galibi daga Sabon Gari da Wusasa da gidajen ma'aikatan jami'a yake zuwa, kuma yawanci kyautar ba-zata ce, don haka sai ka haɗa baki da wanda ya ba ka aikin ku sami lokacin da mai karen ba ya nan. Akwai kuma masu zuwa da ragon da yara suka shaƙu da shi, uda ko balami, suna so a zana kafin layya. Wannan hotonsa ba ya jira, ka ɗauka tun ranar da aka yi maganar, ka kula da murɗin ƙaho, don ba ya zama iri ɗaya a hagu da dama.

Mafi nauyi shi ne wanda dabbarsa ta mutu, ya zo da hoto guda, tsoho, dishi-dishi. Ka zauna ka saurare shi tukuna. Ka tambayi yadda take kwanciya, inda take da tabo, kunnen da ya lanƙwashe. Ka gaya masa gaskiyar iyakar abin da hoton zai bayar, ka ba da shawarar ƙaramin zane mai laushi maimakon babba da zai tilasta maka ƙirƙiro abin da ba ka gani ba. Irin wannan aiki ba na son a cusa shi cikin hayaniyar mako na ƙarshe.

Akwai maganar da ba za ka kauce mata ba a Zariya, wato hukuncin zanen abu mai rai. Hadisan da suka yi gargaɗi a kai suna cikin Bukhari da Muslim, kuma malamai sun saɓa wajen fahimtarsu. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin yana kan mutum-mutumi cikakke mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi kuma bai kai haramun ba, ana karhanta shi. Wasu manyan malamai, kamar Imam Nawawi, sun haramta duka. Ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa ka samu natsuwa kafin ka mai da wannan sana'a. Wanda ya ce maka shi ba ya rataye irin wannan a gidansa, kada ka ja da shi. Za ka iya zana masa sirdi da linzami da kayan hawan gidansu ba dabba a ciki, kuma yana fitowa da kyau ƙwarai.

Sai lissafin kwanaki, inda yawancin masu farawa ke faɗuwa. Kowa ya san telan da ya tara ɗinkin Sallah fiye da ƙarfinsa, daren Sallah ya kashe waya. Tela ma yana da yara masu taya shi, kai kuwa hannu ɗaya ne ke riƙe buroshin. Ka fara ƙirga daga ranar bikin ka dawo baya. Cire mako guda na ƙarshe gaba ɗaya, don mai firem da mai yankan gilashi su ma a cike suke, direbobi kuma suna tafiya gida. Cire kwanakin bushewa. Cire ranakun zuwa ganin dabbobi. Abin da ya rage ka raba da kwanakin da zanen dokin maƙwabcinku ya ci maka, na gaskiya, ba wanda kake fata ba. Daga adadin da ya fito ka rage ɗaya, saboda zazzaɓi ko rasuwa ko aikin da ya ƙi. In Ƙaramar Sallah ce ka ƙara ragewa, domin cikin azumi kake aiki: ƙarfinka na safe ne, da dare ga tarawihi ga tafsiri, kuma launin da aka haɗa a hasken kwan lantarki yakan canja fuska in gari ya waye.

Wannan lissafi ne zai zaɓa maka fenti. Fentin mai yana da zurfin da babu kamarsa, amma yakan ɗauki daga kwana 2 zuwa 12 kafin ya daina kama hannu, fari ya fi jinkiri, ruwan ƙasa mai duhu ya fi sauri, kuma ba a shafa masa banish na ƙarshe, wato man sheƙi mai kare zane, sai bayan wata 6 zuwa shekara. Ga dokin kili wanda rabin fentinsa fari ne, wannan babbar matsala ce a ƙurarren lokaci. Akirilik, fentin da ake haɗawa da ruwa, yana bushewa cikin mintuna, shi ne abokin kakar biki, sai dai yana ƙara duhu in ya bushe, don haka ka haɗa shi ya ɗan fi abin da kake so haske, ka kuma bar shi aƙalla kwana uku kafin banish. Fensir da gawayi da fastel sun fi arha da sauri, kuma gashi yana fitowa da kyau da su, amma dole a yi musu feshin kamewa a sa su a gilashi, da ɗan kwali tsakani don kada zanen ya taɓa gilashin.

Ka lura kuma da yanayi. Kirsimeti kullum cikin hunturu yake faɗowa. Iska ta bushe ƙayau, akirilik yana daskarewa a kan buroshi kafin ka kai shi kanbas, don haka ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a roba mai murfi, ka ɗora takarda mai santsi, ka haɗa fentin a kai, ka ajiye kwalbar fesa ruwa kusa. Ƙura kuma tana manne wa ɗanyen fentin mai har abada, sai ka jingine zanen yana fuskantar bango ba tare da ya taɓa ba. Ɗanyen katako yana karkacewa a wannan lokaci, ka ce wa kafinta busasshe kake so. Sallah kuwa tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 'yan shekarun nan Ƙarama tana zuwa cikin zafin bazara, Babba kuma a farkon damina, lokacin da takarda ke kumbura, bayan kanbas yana yin fumfuna in an jingine shi a bango mai sanyi. Dabarar da ta yi maka aiki a Disamba ba lalle ta yi a Yuni ba.

Bayan dabbar fa, me za ka sa? Na ga matasa da yawa suna kwaso falon Turawa da murhun bango da dusar ƙanƙara daga intanet suna ajiye karen Wusasa a ciki. A makarantar da ta zama ABU a 1962 ne Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, kuma kiransu shi ne a karɓi dabarar waje a haɗa ta da abin gida. Kai magajinsu ne. Ga jan bangon ƙasa, ga dagi a goshin zaure, ga Ƙofar Doka, ga dutsen Kufena daga nesa cikin hazo. Ɗauki kaɗan ka sassauta shi don kada ya yi gasa da dabbar. In lokaci ya ƙure, launi ɗaya mai kwantar da ido ya wadatar.

Kuɗi kuma, kada ka yanka a tsaye a bakin barga. Koma gida ka tara kuɗin kanbas da fenti da firem da gilashi da kuɗin mota, a farashin kasuwa na wannan makon, sannan ka ɗora ladan kwanakinka. Ka tsayar da girma biyu ko uku kawai, misali A3 na fensir, santimita 40 da 50 na kai da wuya, 60 da 90 na cikakken doki, don mai firem ya yanka maka tun da wuri. Ka karɓi rabi kafin alƙalami, ko da mai aikin ɗan'uwa ne ko mai sarauta, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, da shi zan sayo kayan aiki." Ka rubuta masa a saƙo girman, da abin da zai fito a ciki, da ranar bayarwa, da cewa cikon kuɗi kafin ɗauka ne. Wanda ya zo a makare yana son a tsallake layi, kuɗinsa ya fi, in ma akwai gurbi. Kuma in ka buga hoto a inji ka bi shi da fenti, ka faɗa, ka sayar da shi a matsayinsa. Jan layukan murabba'i don daidaita tsari ba laifi ba ne, amma sayar da bugu da sunan aikin hannu ha'inci ne.

Maganin "bai yi kama ba" yana farawa tun kafin fenti. Ka tura masa zanen fensir na farko ya amince a rubuce, domin gyaran tsari a nan minti goma ne, bayan fenti kuwa kwana biyu. Idan duk da haka ya faɗa a ƙarshe, kada ranka ya ɓaci, kuma kada ka kare kanka da bayanin makaranta. Ka ce ya nuna maka da yatsa. Sau da yawa ba zai iya faɗin wurin ba, zai ce dai fuskar ce, to sai ka duba abu uku: tazarar idanu, karkatar kunne, da tsayin hanci daga ido zuwa baki. Juya zanen da hoton kai ƙasa ka gwada su, ko ka kalle su a madubi, ko ka ɗauki hoton zanen ka mai da shi baƙi da fari, kuskuren zai fito fili. In mai kula da dokin yana kusa, tambaye shi, idonsa yakan fi na maigidan kaifi. Gyara ɗaya kyauta ne. Amma wanda ya amince da dokin tsura sannan ya dawo yana son a ɗora masa jalala da mahayi, wannan sabon aiki ne da sabon ciniki.

In za a kai Kaduna ko Kano ko Abuja a mota, kada leda ta taɓa fuskar akirilik, don a zafi tana mannewa ta bar shaida. Sa takarda mai santsi tukuna, ka kare kusurwoyi da kwali, ka haɗa da falle biyu na kwali mai kauri, ka rubuta gilashi ne in da gilashi, ka ɗauki hoton kayan da lambar motar. Ranar da gurabenka suka cika ka sanar cewa ka rufe. Wanda ya zo bayan nan ka ba shi zaɓi biyu: ƙaramin zanen fensir na kai kaɗai in akwai sarari, ko kuma ka je ka ga dabbar yanzu, ka ba shi kati mai ɗauke da zanen farko da ranar da cikakken zai iso, ya miƙa wannan a ranar bikin, kai kuma ka yi aikin a natse bayan an sauka daga hawa.